Motar Da Ke Duba Tsagar Hanya

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka hanyar kwalta take, sai dai ita ƙadangarenta ruwa ne.

Zafin rana da nauyin manyan motoci su ke tsaga kwalta. Da fari tsagar siririya ce kamar zare. In damina ta faɗi, ruwa ya bi ta nan ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, sai ta yi laushi. Motoci na bi suna dannawa, har wurin ya farfashe kamar fatar kada, daga nan ya zama rami. Rami kuwa yakan fasa taya, yakan kuma kifar da mota da mutanen cikinta.

A dā ma'aikata ne ke bin hanya da ƙafa, suna duba tsaga suna rubutawa. Aikin yana da wahala da jinkiri, ga kuma haɗarin motoci. Yanzu a ƙasashe da yawa akwai mota ta musamman mai wannan aiki. An ɗaura mata kyamara tana kallon ƙasa, tana ɗaukar hotuna mota na tafiya. Kwamfuta ce ke duba hotunan, ta gane inda tsaga take, ta auna tsawonta da faɗinta, sa'an nan ta sa alamar wurin a taswira.

Yadda ake koya wa yaro baƙaƙe, haka ake koya wa kwamfuta tsaga, watau a yi ta nuna mata misalai. A shekarar 2018 waɗansu masana na Jami'ar Tokyo a Japan suka kafa wayar hannu a gaban mota, suka tara hotunan hanya fiye da 9,000, suka koyar da ita da su. Duk da haka takan yi kuskure, ta ga inuwar reshe ta zaci tsaga ce. Saboda haka injiniya yakan sake dubawa.

Da wannan taswira hukuma ke tsara gyara, ta san hanyar da za a fara da ita. Tsaga ƙarama, ɗan narkakken kwalta ya isa ya toshe ta. In aka bari ta zama rami, sai an kashe kuɗi masu yawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ke tsaga kwalta?
2. Yaya tsaga ke zama rami?
3. Don me injiniya ke sake duba aikin kwamfuta?