Gurɓacewar Haruffa Masu Lanƙwasa Yayin Ɗora Manhajar Hausa a Masaukin Haɗaka: Misali Daga Yankin Bakalori

Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, ta haɗa manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun a kan sana'ar noman rani. Duk manazarcin da ya ƙudiri aniyar tattara kalmomin wannan sana'a cikin karin harshen yankin, sannan ya adana su a ƙaramin ƙamus na intanet, da wuya ya iya mallakar uwar-garke tasa ta kansa. Abin da aljihun ɗalibi ke ɗauka shi ne masaukin haɗaka, wato hayar gurbi a kwamfuta guda wadda shafuka da yawa ke tarayya a kanta, kuma kamfanin da ya bayar da hayar ne ke riƙe da manyan saituna. Wannan maƙala ta dubi abin da kan sami rubutun Hausa a daidai lokacin da aka kwaso manhajar daga kwamfutar mai ita zuwa irin wannan masauki.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne, manhaja tana aiki lafiya lau a gida, amma da aka ɗora ta sai ɓ da ɗ da ƙ suka rikice. Wannan ba batun kwalliya ba ne. Idan lanƙwasa ta faɗi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. A wannan yanki kuwa, inda ake cewa ɗiya a gurbin 'ya ta daidaitacciyar Hausa, harafin ɗ ɓangare ne na hujjar da bincike ya dogara a kanta.

Rikicewar kan zo ta fuska uku, kowace da musabbabinta. Idan ɗan akwati ne ya bayyana a gurbin harafin, bayanan suna nan daram. Zubin haruffan da shafin ya zaɓa ne ba shi da wannan harafi, kuma sauya shi da irin su Charis SIL ko Noto ya wadatar. Idan kuwa ƙ ta fito a matsayin Æ™, ko ɗ ta zama É—, to an rubuta harafin da tsarin UTF-8 ne, aka karanta shi da tsohon tsarin Yammacin Turai. A Unicode lambar ƙ ita ce U+0199, kuma UTF-8 na adana ta cikin bayit biyu. Mai karantawa da tsohon tsari sai ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Wannan ma yana gyaruwa, tunda ba abin da ya salwanta. Fuska ta uku ita ce mafi muni: alamar tambaya a gurbin harafi. Sau da yawa ma'anarta ita ce rumbun bayanai ya karɓi harafin da bai san shi ba, ya jefar da shi. In haka ta faru a cikin rumbun, babu dabarar da za ta dawo da shi, sai dai a koma ga kwafin asali.

Tushen matsalar yana cikin tarihin MySQL, rumbun da akasarin masaukan haɗaka ke bayarwa, shi ko ɗan'uwansa MariaDB. Kafin fitowar siga ta 8.0 a 2018, tsarin latin1 ne zaɓinsa na asali, kuma babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsa. Saboda haka dole ne a tabbatar da utf8mb4 a teburin kansa, da igiyar sadarwa tsakanin PHP da rumbun, a kuma bayyana UTF-8 a kan shafin. Ta tsakiyar ce aka fi mantawa da ita, don ba a ganinta a phpMyAdmin.

Akwai wani tarko da ya fi shafar masana harshe. Ƙa'idojin jera kalmomi da aka saba amfani da su ba sa kula da alamomin da ke bisa wasula. Ke nan gàrī na mazauna da gā̀rī na tuwo kalma ɗaya ce a wurin rumbun. Idan an shar'anta cewa kada kalma ta maimaitu, zai ƙi karɓar ta biyu, ya bayar da kuskure mai lamba 1062. Mai gaggawa kan ɗauka maimaici ne na gaske ya goge ɗaya, alhali ya goge ainihin bambancin tsawon wasali da ya sha wahalar naɗowa a gona. Ƙa'idar utf8mb4_bin tana rarrabe su, ko da yake jerin abacada da take bayarwa ba na Hausa ba ne, sai an tanadi wani gurbi na daban domin jerawa.

Alamar ɗauri ma tana da nata rikicin. Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya kuwa 'y, kuma wannan alama ita ce ke rufe zance a harshen SQL. Manhajar da ke cusa kalma kai tsaye cikin umarni za ta tuntsure a kan 'yan ko sana'a. Gyaran da ya dace shi ne a raba umarni da bayanai ta hanyar shiryayyun tambayoyi. Cire alamar daga kalmomin, kamar yadda wasu kan yi, ɓata rubutu ne domin a rufa wa manhaja asiri.

Sauran matsalolin na kowa da kowa ne. Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows ba ya yi, don haka muryar da aka adana da suna Fadama.mp3 ba za ta amsa kiran fadama.mp3 ba. Kuskure mai lamba 500 kuwa, a fara duba kundin kurakurai na cPanel da sigar PHP kafin a taɓa komai.

Yanayin wurin ma yana da tasiri. Babban fayil da layi ya yanke masa a tsakiyar ɗorawa kan bar rumbun da rabin bayanai, shi ya sa ya fi kyau a rarraba shi, a ƙirga layuka bayan an gama. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Wanda kwafinsa guda yake a masauki, a Talata Mafara ko Maradun, bai da hanyar isa gare shi sai ya fita daga jihar.