Kifin Zinare Ba Tarwaɗa Ba Ne

Da safe aka sami kifin zinaren ya kife a saman ruwa, ciki sama, yana ta kaɗa wutsiya ya kasa juyowa. Yara sun kewaye kwalbar gilashin suna ƙwanƙwasawa da yatsa. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa koko, ga ɓarɓashin burodi kwance a ƙasa. Maigida ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah! Jiya fa ya ci abinci sosai." Bai sani ba, cin da yake yabawa shi ne ya kwantar da kifin.

Mutumin Kontagora ba baƙon kifi ba ne. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, yana nan cikin Jihar Neja. A New Bussa akwai cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi da kwalejin tarayya mai koyar da kiwonsa. Matasa da yawa sun san tankin siminti da na tamfol. Sai dai akasarin wannan sanin na tarwaɗa ne, ita kuwa tarwaɗa haƙuri gare ta. Allah Ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take wuni a bahon 'yan kasuwa cikin ruwan da bai rufe bayanta ba. Wanda ya ɗauko kifin zinare a leda daga Abuja ko Legas, ya ce zai riƙe shi riƙon tarwaɗa, da wuya ya yi wata guda da shi.

Asalinsa daga ƙasar Sin ne. A can aka fara ware masu launin ja da ruwan ɗorawa daga wani kifin daji mai duhun jiki, sama da shekara 1,000 da suka wuce, kuma bai isa Turai ba sai ƙarni na 17. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Wani kifin mai suna Tish ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43.

Abu na farko da mai shi ya kamata ya sani: wannan kifi ba shi da tumbi. Abinci daga maƙogwaro hanji yake wucewa, kuma a kowane lokaci kamar mai yunwa yake. Da ya hangi mutum sai ya taso yana buɗe baki, mai tausayi kuma ya ƙara zubawa. Kaka ta jefa gutsuren biskit, yaro ya jefa tuwo, baƙo ya jefa shinkafa. Ma'auninsa kuwa kaɗan ne: abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a kwashe saura.

Akwai masu zuwa shagon abincin tarwaɗa su auno masa. An haɗa wannan abinci ne da furotin da ya kai kashi 40 cikin ɗari ko fiye, domin kifi ya yi ƙiba a sayar cikin 'yan watanni. Kifin zinare mai cin ganye ne da ƙananan ƙwari. Abincin tarwaɗa yana tara masa kitse, yana kuma ɓata ruwa da sauri. Abincinsa na gwangwani ya fi dacewa, a jiƙa shi kaɗan kafin a zuba, a riƙa haɗa masa da alayyahu ko latas da aka sulala. Tsutsar sauro ma yana lamushe ta, kuma babu gidan da zai yi baƙin ciki da hakan.

Kifewar nan da aka gani da safe daga wata jakar iska take, wadda ke cikin cikinsa tana daidaita masa nutsewa da tasowa. Idan hanji ya cushe ya danne ta, sai kifi ya rasa yadda zai yi da jikinsa. Masu dunƙulallen jiki da wutsiya mai reshe biyu sun fi kamuwa. Masu kiwo kan hana shi abinci kwana biyu ko uku, sannan su ba shi dafaffen koren wake irin na fis, a ɓare fatar a murƙushe. Sau da yawa yakan miƙe. Idan cuta ce ta kama jakar kanta, wannan ba zai wadatar ba.

Amma ruwa ya fi abinci kashe shi, kuma a nan ne Kontagora ke yi masa wuya. Kifin ƙasar sanyi ne, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 23. Hunturu lokacinsa ne. A Maris da Afrilu, lokacin da rana ke neman digiri 40, ƙaramar kwalba a ɗaki mai rufin kwano takan zama kamar ruwan wanka. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar numfashi kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa ta sauka kusan 7.5, alhali zafin ya ƙara wa kifin buƙata. Kashinsa da ruɓaɓɓen abinci suna fitar da guba mai suna amoniya, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa da zafi. Sai kuma a ɗauke wuta, injin kumfa ya tsaya. Kifin da aka gani yana haki a saman ruwa ba abinci yake roƙo ba.

Kwalba mai ƙaramin baki zalunci ce ga dabbar da ke iya kai tsawon tafin hannu. Guda ɗaya yana son ruwa kamar jarka uku ta 'yan garuwa. Babbar kwatarniya a inuwa ta fi kwalbar gilashi nesa ba kusa ba: bakinta da faɗi, iska na shiga, yumɓu kuma na sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi. Mutanen Sin ma a tukwanen tangaran suka daɗe suna ajiye shi, suna kallonsa ta sama. Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a mayar da sabo wanda ya kwana a buɗe, ko na famfo ne ko na burtsatse. Sabulu da omo kada su kusanci mazubinsa.

Ɗigo-ɗigo fari a jiki kamar an barbaɗa gishiri, tare da goga jiki a dutse, ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, kuma yawanci sabon kifi ke shigo da ita. A ware baƙo mako biyu ko fiye kafin a haɗa su. Wutsiyar da ke zagwanyewa tana nuna ruwa ya ƙazantu. Fasa kafson mutane a zuba, kamar yadda wasu ke yi, yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye amoniya. Gara a gyara ruwa, a nemi likitan dabbobi.

Idan tafiyar Sallah ta kama, lafiyayyen kifi zai yi kwana huɗu ko biyar babu abinci, ba abin da zai same shi. Wanda zai bar wa maƙwabci amana, ya ƙulla abincin kowace rana a 'yar takarda daban, ya tafi da gwangwanin a jakarsa.