Hayaƙin sigari cikin mota: asarar da ba a gani sai ranar sayarwa

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka ita ma mota, ranar da aka kai ta kasuwa asirinta ke tonuwa. A wuraren sayar da motoci na Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, tsarin ciniki kusan ɗaya ne. Mai saye zai zagaya mota, ya duba fenti, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, ya sa a tada inji ya saurara, ya nemi takardun duwan. Bayan duk wannan sai ya shiga ciki ya zauna, ya ja ƙofa ya rufe. A nan ne hanci kan yanke hukuncin da ido da kunne ba su yanke ba. In warin taba ya buge shi, zai fito fuska a yamutse, kuma tayin da zai yi ba zai kai wanda ya zo da shi a zuci ba.

Wannan magana ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati kai tsaye, domin a wurinsu mota ajiya ce. Ita ake sayarwa in jari ya karye, ko auren ɗiya ya taso, ko an ɗauki niyyar hajji, ko ritaya ta zo ba a gama ginin gida ba. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta ƙara nisa da aljihun mai albashi, kasuwa ta koma hannun motocin okaziyo, waɗanda ake yi wa laƙabi da «au revoir la France». Irin wannan mota takan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ta kwanta. Ke nan duk wanda ya sayi mota yau, mai sayarwa ne gobe, kuma abin da ya bari a cikinta shi za a cire masa daga kuɗinsa.

Inda hayaƙi ke laɓewa

Da yawa daga masu shan sigari sun ɗauka cewa in an sauke gilashi, iska ta tafi da hayaƙi, magana ta ƙare. Abin ba haka yake ba. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Biyu daga cikin abin da yake bari sun fi damun mai mota: nikotin, da wani danƙo mai ruwan ƙasa mai kama da kwalta. Dukansu masu naci ne, duk abin da suka taɓa sai su maƙale masa.

Wurin farko da suke kamawa shi ne ƙyallen rufin ciki, saman kan direba, tun da hayaƙi sama yake yi. Daga nan sai kujeru. Yadin kujera na shan hayaƙi ya miƙa wa soson da ke ƙasa, soso kuma ya riƙe. Shimfiɗar ƙafa, ɗamarar kujera, robar jikin ƙofa, duk suna samun rabonsu. Mafi wuyar sha'ani shi ne na'urar sanyi, wato kilim. In ana shan taba tana aiki, takan zuƙi hayaƙin ta bi da shi ta matatar iska da bututai, har ɓangaren da ke sanyaya iskar, wanda ke ɓoye bayan allon gaban direba, inda hannun mai wanki ba ya kaiwa.

Yanayin ƙasar nan kuma yana ƙara tona asiri. A watannin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Yamai ko Tawa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya zarce haka nesa. Zafi na sa abin da soso da yadi suka sha ya sake tashi cikin iska. Shi ya sa motar da aka wanke da safe aka ji ba wari, in ta yini a rana, da azahar sai ta koma gidan jiya. Damina ma haka take yi, saboda laima na tayar da tsohon wari.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2008, masu bincike na jami'ar jihar San Diyego a ƙasar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Georg Matt, sun buga sakamakon wani aiki a kan wannan batu. Sun tuntuɓi mutum 1642 da suka sa motocinsu a kasuwa. Sun gano cewa kashi 22 cikin 100 na motocin, ko dai na masu shan taba ne, ko kuma an sha taba a cikinsu a shekarar da ta gabata. Da suka gwada farashi, sai suka tarar motocin da ba a sha taba ciki ba ana neman kuɗinsu sama da na takwarorinsu da kashi 7 zuwa 9 cikin 100, alhali darajarsu a takarda ɗaya ce.

Kasuwar Amurka daban, ta Maraɗi daban. Can ana rubuta farashi, nan kuwa taya da albarka ne har a daidaita. Amma a ɗauki wannan lissafi a aza shi bisa motar miliyan 4 na sefa, don a ga girman abin. Kashi 7 jikka 280 ke nan, kashi 9 kuwa jikka 360. Wannan kuɗi ya wuce albashin wata na ma'aikata da yawa, kuma ba a sa kuɗin sigarin da aka ƙone ba.

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi, ita ce ta masu sayen da suka juya ba su ko taya ba. Magidanci mai ƙananan yara, hajiya ƴar kasuwa, malamin da ba ya son a ji warin taba a rigarsa, mai ciwon asma, duk waɗannan sukan wuce zuwa mota ta gaba. In masu taya suka ragu, mota ta daɗe a hannun dillali, taya na sacewa, batir na mutuwa. Mai ita kuma in buƙata ta matsa shi, tilas ya sallama a kan abin da da can ya ce albarka.

Alamomin da ba su ɓoyuwa

Kan masu saye ya waye. Wanda ya saba yakan fara da ɗaga kai ya dubi rufin ciki: in wajen direba ya fi sauran wuri duhu, ya yi rawaya-rawaya, shaida ta farko ta samu. Sai ya shafa farin ƙyalle a cikin gilashin gaba, ya ga ko zai fito da datti mai ruwan ƙasa. A tsofaffin motoci yakan jawo mazubin toka, ya zaro ƙyastun lantarki ya dubi bakinsa ko ya taɓa ƙona taba. Yakan duba kujerar direba da gefen ƙofa, inda tartsatsi ke barin ƴan ramuka masu baƙin baki. Toka kuma takan shige tsakanin kujeru da gindin giya, wuraren da tsintsiya ba ta shiga. Jarrabawa ta ƙarshe ita ce a rufe gilasai, a kunna kilim, a jira iskar farko da za ta fito.

Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Ramin wuta guda a kujera ƙaramin abu ne, amma mai saye na karanta shi ya wuce nan. Yakan ce a ransa: wanda bai kula da inda yake zaune ba, ina ya kula da canjin mai a kan lokaci? Ko zaton gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ya riga ya shiga ciniki, kuma dillali ya samu abin da zai karya farashi da shi.

Wanki da turare

Galibi abin da mai mota ke yi in sayarwa ta matso shi ne ya kai ta wurin wanki, a fesa turare, a rataya ɗan kwalin ƙamshi a madubi, wani ma har ya sa turaren wuta. Wannan rufi ne na kwana biyu ko uku. Ƙamshi mai yawa ma shi kansa abin tuhuma ne, don mai saye zai tambayi kansa me ake ɓoyewa.

Gyara na gaskiya aiki ne mai cin kuɗi. Sai an fitar da kujeru da shimfiɗa an wanke su da ruwan zafi da injin zuƙa, a goge kowace roba, a canja matatar iska, a tsabtace bututan kilim. A ƙasashen Turai ana ƙarawa da na'urar ozon, wadda ake kunnawa cikin mota rufe ba kowa a ciki. In shan ya daɗe shekaru, wani lokaci ba makawa sai an sauya ƙyallen rufi da soson kujera ɗungum. Duk da haka, masu binciken San Diyego sun auna iska da ƙura da jikin motocin da aka kawo sayarwa, sun tarar da nikotin a motocin masu shan taba, kuma shara da sauke gilashi ba su kawar da shi ba.

Abin bai tsaya ga wari ba. A 2010, masana na cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Kalifoniya sun nuna cewa nikotin da ya kwanta a jikin kaya yana haɗuwa da wani sinadari da ke cikin iska, irin wanda ƙonewar mai ke fitarwa, su haifi wasu sinadarai masu jawo ciwon daji. Sun samu irinsu a cikin motar wani mai yawan shan taba. Yara ƙanana su suka fi shiga haɗari, tun da suna taɓa kujera su kai hannu baki. Ke nan uban da ya ƙi sayen motar da ke wari yana da hujja, ba tsirfa ba ce.

Ba mai mota kaɗai ba

Alhazai da manyan ma'aikata da yawa ba su taɓa sa kara a baki ba, amma motocinsu na wari. Dalili shi ne direba. Yana jiran maigida a ƙofar ofis ko bakin kasuwa awa biyu, awa uku, rana na dukansa, sai ya shige mota ya kunna sigari. Abokin tafiya ma kan kunna, a ji nauyin hana shi. Kunyar minti biyar ce ake biya da jikkuna ranar sayarwa.

Masu shigo da motoci su ma abin ya shafe su. Motoci da dama na tasowa daga unguwar Heyvaert ta birnin Burusel a Beljiyam, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Anbers, a sauke a Kotonu ko Lome. Bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, ƴan kasuwa da yawa sun karkata ga hanyar Lome. Ko ta ina aka biyo, tafiyar ta haura kilomita 1000, kuma direban da aka ɗauka ya kawo mota yakan kwana cikinta. Motar da ta sauka daga jirgi tsaf tana iya isowa da warin da zai rage ribar mai ita. Sharaɗin hana shan taba ya cancanci shiga yarjejeniya tun kafin a miƙa makulli.

Doka da amana

Nijar ta kafa dokar yaƙi da shan taba ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin sufuri. Ingila ta hana shan taba a motar da ke ɗauke da yaro ƙasa da shekara 18 tun watan Oktoba na 2015, Faransa ta bi sahu a 2016. Motar gida kuwa, a nan, hukuncinta na hannun mai ita.

Saura batun amana. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wanda ya turare mota don ya rufe wari, ya karɓi kuɗi, bayan mako guda rana ta tona shi, ya jawo wa kansa rigima da zubewar mutunci a kasuwar da kowa ya san kowa. Gara ya faɗi gaskiya a rage masa, ko ya yi gyaran kirki kafin ya kai ta.

Mafi sauƙi dai shi ne rigakafi. Mai shan sigari ya tsaya gefen hanya ya fita ya sha, ya dawo. Maigida ya gaya wa direba da baƙo tun ranar farko cewa ba a sha a ciki. Mai saye kuma ya je ganin mota da tsakar rana, bayan ta sha zafi a rufe, ya zauna ciki ya kunna kilim kafin ya buɗe baki ya taya. Allah shi kiyaye dukiya da lafiya.