Aikin Kwana Huɗu Ma Yana Da Haƙƙinsa

'Yan'uwana mata, in bikin kamun kifi na Argungu ya ƙarato, wanda aka fara tun 1934, sai masu otal da gidajen abinci su shiga neman mata masu girki, wanki da shara. Baƙi na watsewa, sau da yawa sai a sallami mace da abin da bai taka kara ya karya ba.

To, ki sani, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka tun ran gini tun ran zane: ki yanke ladanki gaban shaidu kafin ki ɗora tukunya. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce da kuɗi za a biya ki, ba da ragowar tuwo ba. In aikin ya kai awa 6, kina da hutun awa guda. Mai goyo kuma tana da rabin awa sau biyu don shayarwa.

Ke 'yar makaranta, kada ki karɓi aiki sai mahaifiyarki ta san wurin da lokacin tashi. Wadda aka danne wa haƙƙi ta kai kuka ofishin ƙwadago na jiharta.

Allah Ya ba mu halal.