Motar tsere ba kulochi: Abin da gwajin tuƙin Corvette mai giyar atomatik ke nunawa

Shekara da shekaru, da zarar an ambaci motar tsere, abin da ke zuwa a ran masu sha'awar mota shi ne direba da ƙafar hagu a kan kulochi, hannunsa a kan sandar giya. Mota mai atomatik kuwa ana yi mata kallon ta 'yan koyo, ko ta wanda ba ya son wahala a cikin cunkoso.

A watan Yulin 2019 kamfanin Chevrolet na Amurka ya girgiza wannan tunani, lokacin da ya ƙaddamar da zubi na takwas na motarsa Corvette, wadda ake kira C8, a jihar Kalifoniya. Ta zo da manyan sauye-sauye biyu: an ɗauke injin daga gaba an mayar da shi bayan kujerar direba, sannan an daina yin ta da giyar hannu kwata-kwata. Komai kuɗin mutum, mai atomatik kawai zai samu.

Masoyan motar da dama sun yi ƙorafi. To amma gani ya kori ji, kuma abin da masu gwajin motoci suka gani a kan titi ya sa mujallar MotorTrend ta zaɓe ta a matsayin motar shekara ta 2020.

Abin da direba ke fara cin karo da shi

Wanda ya saba da Corolla ko Accord, idan ya zauna a cikin C8, zai laluba ya rasa sandar giya. Wasu 'yan maɓallai ne a jere a gefensa, na gaba da na baya da na fakin. A bayan sitiyari kuma akwai wasu 'yan faifai guda biyu: na dama yana ƙara giya, na hagu yana rage ta, ga wanda yake son ya canza da kansa.

Sitiyarin ba zagayayye ba ne sosai, an miƙe samansa da ƙasansa domin direba ya riƙa ganin allon da ke gabansa. Kujeru biyu ne kacal, kuma suna ƙasa ƙwarai. Da yake babu inji a gaba, hancin motar gajere ne, direba yana ganin titi kusa da shi fiye da yadda ya saba.

Injin mai silinda takwas ne, lita 6.2, da ƙarfin doki 490, ko 495 idan an sa mata salansa ta musamman. Idan aka tayar da shi, daga bayan kunne ƙarar take fitowa.

A cikin gari motar ba ta da hayaniya. Idan aka bar ta a tsarin tafiyar yau da kullum, tana hawa giya da wuri, tana tafiya lafiya lau kamar kowace motar gida. A kan babbar hanya ma takan kashe silinda huɗu ta yi tafiya da huɗu don rage shan mai. Giya ta bakwai da ta takwas dama don irin wannan doguwar tafiya aka yi su.

Inda take nuna halinta

Halin motar yana fitowa ne idan aka murɗa ta zuwa tsarin filin tsere. Akwai wata dabara ta tashi da ƙarfi da aka gina mata: direba ya danne birki da ƙafar hagu, ya take totur har ƙasa da ta dama, kwamfutar motar ta riƙe injin a daidai juyin da ya dace, sannan ya saki birki.

Chevrolet ya ce samfurin da ke da ƙarin kayan Z51 yana kai gudun mil 60 a awa, wato kusan kilomita 97, cikin sakan 2.9. Wannan lissafi ne irin na motocin Italiya masu ninkin kuɗinta sau uku ko huɗu, alhali farashin C8 a 2020 ya fara ne daga ƙasa da dala 60,000.

Abubuwa biyu ne suka ba ta wannan. Na farko, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar yana kan tayoyin baya, don haka suna kama ƙasa maimakon su yi ta juyawa a banza suna hayaƙi. Na biyu shi ne giyabos ɗin.

Yadda giyar take aiki

Atomatik ɗin da aka fi sani a motocin gida yana amfani da mai ne wajen isar da ƙarfin inji zuwa giya. Wannan yana sa tafiya ta yi laushi, amma a tsofaffin motoci yana cinye wani ɓangare na ƙarfin, kuma yana jinkiri kafin ya canza. Daga nan atomatik ya samo sunan rago.

Na C8 daban ne. Kamfanin Tremec ne ya ƙera shi, yana da giya takwas da kulochi biyu a ciki, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa. Kulochi ɗaya yana kula da giya ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 7, ɗayan kuma ta 2 da ta 4 da ta 6 da ta 8.

Yayin da motar ke tafiya a giya ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira. Lokacin canji, wannan kulochi ya saki, wancan ya kama, kusan a tare. Ƙarfin inji ba ya yankewa. Direban da ke da giyar hannu kuwa, komai ƙwarewarsa, sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka kulochi, ya matsar da sanda, ya saki. A kowane canji motar tana rasa wani abu.

Akwai kuma ribar tsaro. A kwana mai kaifi, hannuwan direba biyu suna kan sitiyari, kuma kwamfutar ba za ta bari ya saka giyar da za ta fasa inji ba.

Ba yau aka fara ba

Wani abin da masu ƙorafi kan manta shi ne, Corvette ta farko da aka yi a 1953 mai atomatik ce, mai giya biyu kacal. Guda 300 aka ƙera a wannan shekara, dukkansu farare. Sai a 1955 giyar hannu ta shigo.

A fagen tsere ma an daɗe da barin sanda. A 1989 Ferrari ya shigo gasar Formula 1 da motar da ake canza wa giya daga bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ɗan Birtaniya ya lashe tseren Brazil da ita a fitowarta ta farko. Porsche na Jamus ya gwada giya mai kulochi biyu a motocin tserensa tun shekarun 1980, sannan ya sa ta a motarsa 911 a 2008. Volkswagen ya riga shi kai ta kasuwa da Golf R32 a 2003. A yau Ferrari da Lamborghini duk sun daina sayar da sababbin motoci masu giyar hannu.

Babban injiniyan Corvette na lokacin, Tadge Juechter, ya bayyana cewa masu sayen ta hannu sun ragu sosai, har ta kai ƙera wani giyabos na daban dominsu ba zai mayar da kuɗinsa ba.

Sai dai masu son giyar hannu ba su tashi a tutar babu ba. Porsche ya fitar da 911 GT3 a 2013 da atomatik kaɗai, kokensu ya yi yawa, a 2017 ya dawo musu da ta hannu. Hujjarsu ita ce daɗin tuƙi: suna son su ji cewa su ne ke aikin, ko da agogo zai nuna an riga su.

Inda gwaji ke tona asiri

Giya mai kulochi biyu ta fi jin daɗin gudu a kan rarrafe. Saboda haka gwajin da ya fi muhimmanci ana yin sa ne a hankali: a cikin cunkoso, wajen shiga fakin, wajen ja da baya, da wajen tashi a kan hawa. A nan ne irin wannan giya kan ɗan yi fizga. Kaɗan ba laifi ba ne, amma idan motar tana karkarwa ko tana dukan ƙasa kafin ta kama, akwai magana.

Masu sanin abin suna ba da shawarar kada direba ya riƙe motar a kan hawa da totur, domin kulochin yana gogawa ne yana ɗaukar zafi. Birki ne aikinsa.

Idan sabuwa ce fil, ba a murza ta. A mil 500 na farko, wato kusan kilomita 800, motar da kanta tana rage ƙarfin da take bayarwa a giya ta ɗaya da ta biyu har sai kayan ciki sun zauna. Kamfanin ya kuma tsara a canza matatar man giya a kusan kilomita 12,000 na farko.

Ƙasan motar ma abin dubawa ne. Ta yi ƙasa ƙwarai, har kamfanin ya tanadi wata na'ura, ga mai so, da ke ɗaga hancinta 'yan santimita cikin sakan uku, kuma tana iya tuna wuraren da ta saba ɗagawa har 1,000 ta hanyar tauraron ɗan'adam.

Ga mai sayen ta hannu

Yawancin motocin Amurka da ke shigowa Najeriya na hannu ne, ta tashar Legas ko ta Kwatano, kuma daga cikinsu akwai waɗanda aka sayo a gwanjo bayan haɗari ko ambaliya. Ga mota irin wannan, fenti mai sheƙi ba ya faɗin komai game da lafiyar giyabos.

Ya kamata a tayar da ita da sanyin inji, kafin dillali ya ɗumama ta, sannan a yi tafiyar da za ta kai ta yi zafi sosai, domin wasu matsalolin sai da zafi suke bayyana. A bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya da faifan sitiyari, hawa da sauka. A jona mata na'urar bincike a ga ko an goge wani gargaɗi. A duba tarihinta da lambar jikinta, a nemi shaidar canza man giya.

Man ma nasa daban ne. Zuba mata man atomatik na gama-gari, kamar yadda ake yi wa ƙananan motoci a gareji, yana iya lalata kulochin. Injin kuma fetur mai inganci sosai aka tsara masa. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a san bakaniken da ke da kayan aikinta da kuma inda za a samo kayan gyaranta.

Tashin sakan 2.9 kuwa, wurinsa filin da aka killace domin tsere. A titin da mutane da babura da dabbobi ke tsallakawa, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki.