Lasisin Tsohon Inji Mai Ƙwaƙwalwa

Kakana ya sha ba mu labarin zamanin En'e, tun ana kiran garin nan namu Abuja, kafin a mai da shi Suleja. Ya ce a lokacin mai keke yakan sabunta lasisinsa kowace shekara, in kuwa ya yi sakaci ɗan doka ya kama keken. Ban zaci zan gamu da irin wannan a ɗakina na unguwar Magajiya ba, sai da na sayi wani tsohon inji mai ƙwaƙwalwa a hannun masu gwangwan, don sha'awa kawai.

Sunan injin MicroVAX. Ɗan dangin VAX ne, waɗanda kamfanin DEC na Amurka ya fara fitarwa a 1977. Turawa suna ce da irinsu ƙananan kwamfutoci, ko da yake na farkon ya yi girman kabad ɗin tufafi.

To, ga abin da nake so 'yan'uwana ɗalibai su gane. Ƙarfen nawa ne, na biya. Amma manhajar da ke tafiyar da shi, watau VMS, ba tawa ba ce, aro aka ba ni. Shaidar aron kuwa waɗansu 'yan layuka ne na haruffa da lambobi, ana kiransu PAK, a cikinsu har da ranar ƙarewa. Mutum zai buga su cikin injin daidai, ko harafi ɗaya ya kuskure ba za su karɓu ba. Ranar nan in ta wuce injin zai tashi dai, amma ba ya barin kowa ya shiga sai ta allon mai kula da shi, ba ya kuma magana da sauran injuna. Ya zama kamar gida mai zaure ɗaya, an kulle dukan ɗakuna.

Tun 1997 aka fara bai wa masu sha'awa irina wannan lasisi kyauta, na shekara guda-guda, da sharaɗin ba za a yi kasuwanci da shi ba. Compaq ya sayi DEC a 1998, HP kuma ya haɗiye Compaq a 2002, amma al'adar ta ci gaba. A 2020 aka sanar da rufe shirin, lasisin ƙarshe ya ƙare ran 31 ga Disamba, 2021. Kamfanin VSI da ya gaji VMS ya buɗe nasa shirin, sai dai ban da injunan VAX. Ni dai ban ga laifin kowa ba, kyauta ce, kuma an faɗa tun da wuri.

Wani abokina ya ce, "Malam, mai da agogon injin baya mana, ai bai san shekara ba." Dabarar takan ci, amma ban yarda ba. Wa'adin da na amince da shi ya cika, kuma duk takardar da na rubuta a ciki za ta fito da kwanan wata na ƙarya. Da wane baki zan hana yara satar amsa a aji?

Abin da na yi shi ne na samo wani faifai na sa masa NetBSD, wadda ke aiki a kan VAX, ba ta kuwa bukatar sabunta lasisi. Faifan VMS na naɗe shi a leda na ajiye cikin akwati, saboda ƙurar hunturu.