Gwajin jerin alamomi a takardun bayanin manhaja

Babbar manhajar kwamfuta ba ta amfanuwa ga sauran masana sai da takardun bayani da ke faɗin aikin kowane sashenta, kuma tun bayan da kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da harshen Java a 1995, masu rubuta manhaja suka saba barin wata ƙaramar manhaja mai suna Javadoc ta tsara musu waɗannan takardu. Marubuci yakan saka bayaninsa a cikin rubutun manhajar, yana fara kowane layi na musamman da wata alama: @param tana bayyana abin da ake bai wa sashen, @return abin da yake mayarwa, @throws irin kuskuren da ka iya aukuwa, @since kuma fitowar da aka fara shigar da shi. Javadoc sai ta tattara su ta mayar da su shafukan da ake karantawa.

Jeri iri biyu ne a nan, kuma sau da yawa akan haɗa su. Na farko shi ne yadda marubuci ya jera alamomin da hannunsa, wanda ƙa'idar rubutun Java ta kamfanin Google ta kayyade cewa @param ce ke gaba, sai @return, sai @throws, sannan @deprecated mai nuna cewa an daina so a yi amfani da sashen, kuma manhajar Checkstyle tana iya kama wanda ya saɓa. Na biyu shi ne jerin da ke fitowa a shafin da aka tsara, wanda ke hannun Javadoc, sai dai tana ba da damar a sauya shi da umarnin -tag, har a cusa sabuwar alamar da wani kamfani ya ƙirƙira a tsakanin na asali, ta yadda wadda aka fara ambata ita ce za ta fara bayyana.

Wannan na biyun ne ke buƙatar gwaji, domin kuskurensa ba ya ihu. Gwajin da ya tsaya ga tabbatar da cewa kowace alama ta fito a shafi zai yi nasara ko da gargaɗin da ya kamata a fara gani ya koma can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, don haka gwaji nagari yakan nemi alama ta farko, ya riƙe wurin da ya same ta, sannan ya tabbatar cewa ta biyu tana bayanta, haka har ƙarshe. Masu kula da OpenJDK, wato aikin da ake gina Java a cikinsa, suna gudanar da irin wannan gwaji da kayan aikinsu mai suna jtreg. Wasu kuma sukan ajiye shafi guda da aka amince da shi su riƙa gwada sabon da shi harafi bayan harafi, hanyar da ke kama komai amma take gajiyar da mutane, tunda ko waƙafi aka gyara sai gwajin ya faɗi.

Tushen matsalar galibi yana cikin ma'ajin da manhaja ke tara bayanai. HashMap ta Java, wadda irin wannan ma'aji ce, ba ta taɓa alkawarin mayar da abubuwa bisa jerin da aka zuba su ba, amma da yake takan maimaita jeri ɗaya na tsawon shekaru, mutane suka ɗauka doka ce, har sai da Java 8 ta fito a 2014 da sabon tsarin ciki, gwaje-gwaje da yawa da suka jingina da tsohon jerin suka fara faɗuwa. Maganin ba shi da wuya, wato a koma ga LinkedHashMap mai riƙe jerin shigarwa, ko a jera abubuwan a fili kafin a rubuta su. Wasu harsunan manhaja biyu sun bi hanyoyi masu kishiyantar juna a kan wannan: Python ta mayar da riƙe jeri alkawari tun fitowarta ta 3.7 a 2018, Go kuwa da gangan take hargitsa jerin a kowane zagaye, don kada kowa ya saba da abin da ba a yi masa alkawari ba.

Batun ya ƙara nauyi da aikin da masu tsarin kwamfuta na Debian suka fara a 2013, na tabbatar da cewa rubutun manhaja ɗaya yana haifar da sakamako iri ɗaya a kowace kwamfuta, domin a iya gane ko an yi wa manhaja kutse. Takardun bayani suna cikin abin da ake rarrabawa, saboda haka layi biyu da suka yi musayar wuri sun isa su ɓata kwatancen, kamar yadda kwanan watan da Javadoc ke bugawa a shafi yake ɓata shi idan ba a kashe shi da umarnin -notimestamp ba.